DARASIN DA KE CIKIN GISHIRI, ALIF DA SUKARI

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Sabo, Badun, ya gabatar a taron iyaye da ɗalibai na ƙarshen zangon karatu, gab da shiga hutun hunturu.

  

An nemi mu kawo wani abu da yara za su iya yi a gida cikin wannan hutu, wanda ba zai ci kuɗi ba, kuma zai bar musu ilimi. To, mu dai 'yan kasuwa ne, abin da muka sani shi ne mudu da sikeli da buhu. Saboda haka ba mu tafi nesa ba, cikin hajarmu muka duba. Gishiri, alif, sukari da farin magi, babu gidan da za ka shiga a Sabo ka rasa uku daga cikin huɗun nan. Dukkansu farare ne, in aka zuba su a faranti ɗaya sai an kai baki kafin a bambanta. Amma maganar da muka zo da ita yau ita ce, kowannensu yana da siffarsa ta kansa wadda ba ya sakewa. Ka ɗauko gishirin Bilma, ka ɗauko na teku, ka ɗauko na leda, ka narkar da kowanne a ruwa, ka bar shi ya sake fitowa a hankali, siffa guda za su ba ka. Alif ma da tasa, sukari da tasa. Duk abu mai ƙarfi da ke fitowa da fuskoki sumul da kusurwoyi tsararru haka da kansa, ba wanda ya sassaƙa shi, Turawa na ce masa kiristal, Larabawa kuma su ce ballur. Kalmar kiristal daga Girkanci take, ma'anarta ƙanƙara, domin Girkawan da sun zaci farin dutsen nan mai sheƙi ruwa ne da ya daskare ya ƙi narkewa.

A FARA DA KALLO

Kafin a ɗora ruwa a wuta, yara, ga aikin farko. Ku sami baƙin ƙyalle ko baƙar leda, ku shimfiɗa a wuri mai haske. Ku barbaɗa gishiri kaɗan a gefe guda, sukari a gefe guda, farin magi a wani gefen. Ku roƙi Baba ko Yaya aron waya, ku matso da kyamarar kusa ku ƙara girman hoton. Wanda kakansa ke da gilashin karatu mai kauri, shi ma yana yi.

Za ku ga ƙwayar gishiri kamar dunƙulen magi take, ko ɗan ludo: fuska shida, kowace murabba'i. Larabawa na ce wa wannan siffa muka'ab. Ƙwayar sukari ta ɗan fi tsawo, kuma a karkace take, kamar akwatin kwali da aka danne daga gefe guda, bakunanta a fiƙe. Farin magi kuwa 'yan sanduna ne sirara. Kada sukarin kwali mai ƙwaya ya ruɗe ku, wanda ake jefawa a shayi. Wannan injin ne ya matse shi a ma'auni kamar yadda ake buga bulo, ku murƙushe shi za ku ga ainihin ƙwayoyin a ciki.

Daga nan sai ku ɗauki babban gishiri mai tsakuwa, ku ɗora masa bakin wuƙa, babba ya ɗan buga. Zai tsage sumul, gutsattsarin ma masu kusurwa ne irin ta uwarsu. Ku tuna yadda fasasshiyar kwalba take, bakinta a lanƙwashe, kowane gutsure da irin tasa kama. Ga bambancin kiristal da gilashi ke nan, za mu dawo kan dalilinsa nan gaba.

GISHIRI

Ruwa yana da cikin da yake ƙoshi, kamar mutum. Leda ɗaya ta fiya wata rabin lita ce, kuma gishirin da za ta iya shanyewa kimanin giram 180 ne. Daga nan ko kwana za ka yi kana juyawa, sauran zai kwanta a ƙasa. To wannan ƙosasshen ruwa shi ne jarin aikin gaba ɗaya.

Ku zuba ruwa mai ɗumi a kwalbar Bama da aka wanke tas. Ku riƙa zuba gishiri cokali-cokali kuna juyawa, har ku ga ya daina narkewa. Ku bar shi ya kwanta, sannan ku tace da tsaftataccen ƙyalle. Babban gishiri ya fi na leda kyau a wannan aiki, domin na leda akan sa masa wani abu da ke hana shi dunƙulewa, shi ke sa ruwan ya yi gauri-gauri. Ku zuba kaɗan a faranti mara zurfi, ku rufe da takarda saboda ƙura, ku ajiye inda ba mai taɓawa. Cikin kwana uku zuwa bakwai za ku ga 'yan murabba'ai sun kwanta a gindin farantin. Waɗansu za ku ga alamar gicciye a tsakiyarsu, waɗansu kuma sun yi rami mai hawa-hawa kamar matakala, saboda gefen ƙwayar ya fi tsakiyarta saurin girma.

Me ya faru? Iska ta kwashe ruwa, gishiri kuwa ba ya tashi, sai ya rasa wurin zama ya fito. Gishiri yana da wani hali: zafi bai cika ƙara masa narkewa ba. Ruwan sanyi mai nauyin giram 100 yana shan giram 36, tafasasshe kuwa kimanin 39 kacal. Don haka hanyarsa ɗaya ce, a jira ruwa ya ƙafe.

A nan ne mu mazauna Kudu za mu lura da lokaci. In laimar iska ta wuce kashi 75 cikin 100, gishiri da kansa yake jawo ruwa daga iska ya jiƙe. Da damina a Badun iska takan wuce haka, yaro zai ajiye farantinsa sati biyu bai ga komai ba, ya ce ƙarya aka yi masa. Yanzu da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, shi ne lokacin gishiri. Na Kano da Sakkwato suna da wata shida na rani, mu namu ɗan taƙi ne, kada mu bari ya wuce.

Wannan aiki da za ku yi a faranti, shi mutanen Bilma a Jamhuriyar Nijar suka shekara ɗaruruwa suna yi a ramuka. Ruwan gishiri na tsatsowa daga ƙasa, rana ta ƙafar da shi, ɓawo ya taru a sama, su fasa ɓawon ya nutse, wani ya sake taruwa. Mai tsabtar shi ne beza na miya, mai gauraye da ƙasa kuma a zuba a ma'auni a yi kantu na dabbobi, Abzinawa su ɗauko a ayarin raƙuma su ratso hamadar Tenere har ƙasar Hausa. A Keana ta Jihar Nasarawa kuwa, da Okposi da Uburu ta Jihar Ebonyi, mata ne ke tace ruwan gishirin su dafa a wuta. Ku lura da wannan: wanda rana ta ƙafar a hankali yakan yi manyan ƙwayoyi, wanda wuta ta ƙafar da sauri yakan fito da laushi. Doka ce da ba ta sauyawa a wannan fanni. Gaggawa ƙananan ƙwayoyi take haifarwa masu yawa, sannu a hankali kuma manya ƙalilan.

ALIF

In yaro abu ɗaya kawai zai gwada, to ya gwada alif, domin shi ya fi ba da sha'awa. Sai dai a kula wajen saye. Abu biyu ake kira alif a kasuwa. Akwai mai haske garau kamar ƙanƙara, irin wanda masu aski ke gogawa bayan sun gama, wanda kuma maƙwabtanmu Yarbawa ke wanke dodon koɗi da shi. Shi ake so. Akwai kuma fari mai duhu ko mai ɗan ruwan ƙwai, irin na ma'aikatar ruwa, wannan yana kwantar da laka amma ba ya ba da kyakkyawar ƙwaya.

Alif halinsa ya saɓa wa na gishiri. Ruwa giram 100 mai sanyi yana shan kimanin giram 14, in ya yi zafin digiri 50 sai ya sha kusan 37. Ke nan in aka ƙosar da ruwan zafi aka bar shi ya huce, dole ya amayo abin da ya fi ƙarfin cikinsa. Shi ya sa alif ba ruwansa da damina ko rani.

A daka alif ya yi gari. A ɗora rabin ledar ruwa ya yi zafi, ba sai ya tafasa ba. A riƙa zubawa ana juyawa har ya ƙi narkewa, a tace. A zuba kaɗan a faranti, sauran a bar shi a kwalba, a kwana. Da safe za a tarar da ƙwayoyi masu ƙyalli a farantin. Yaro ya zaɓi guda ɗaya wadda ta fi kyau da tsabta, ita ce iri. Ya ɗaure ta da zaren roba siriri irin na kamun kifi, ko silin gashi. Zaren auduga ba ya yi sosai, domin kowane gashi na jikinsa sai ya tara nasa 'ya'yan, su cinye abincin babbar. Sai a tsiyaye ruwan kwalbar a wata sabuwa, a bar abin da ya kwanta a ƙasa. A gitta fensir a bakin kwalbar, a rataya irin a tsakiyar ruwa, kada ya taɓa gindi ko gefe. A rufe da takarda.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko, a sa iri alhali ruwa na da sauran ɗumi, ko bai ƙoshi ba, sai a wayi gari zare kaɗai ya rage. Na biyu, a ajiye kwalba a taga inda rana ke dukanta, abin da ya ƙaru da dare ya narke da rana. Ƙarƙashin gado ko kusa da randa ya fi. Duk bayan kwana biyu ko uku, in an ga 'yan ƙanana sun fito a gindi, a juye ruwan a wata kwalba a mayar da irin. Cikin sati biyu zai kai girman gurjiya ko ya fi.

Siffarsa fa? Dattawan da ke nan sun san dalar gyaɗa ta Kano. To ku ɗauki dala biyu, ku kifa ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, gindi da gindi. Fuska takwas, kowace mai kusurwa uku. Ita ce siffar da daiman ma ya fi fitowa da ita daga ƙasa. Ga lissafi ga 'yan aji biyar da shida: ku ƙirga fuskokin gishiri 6, tsininsa 8, gefunansa 12. Na alif fuska 8, tsini 6, gefe 12. Ku haɗa fuska da tsini ku cire gefe, ku ga abin da zai rage a kowanne. Sannan ku gwada da akwatin ashana, ku kawo wa malam amsa.

SUKARI

Wannan shi ne wanda za a iya sha a ƙarshe, don haka mun san shi yara za su fi so. Sukari ya fi kowa cin wuri a ruwa: rabin lita tana shanye kimanin kilo guda tun ba a ɗora ta a wuta ba. Da tsadar da ake ciki, ba ma ce a yi da yawa ba. Ƙaramin kofin shayi ɗaya na ruwa, uku na sukari, ya wadatar. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya narke ya yi garau, kada a bari ya yi ja. A sauke ya huce. A jiƙa tsinken tsire mai tsabta, a birkiɗa shi a busasshen sukari, a bar shi ya bushe sarai, waɗannan ƙwayoyin su ne iri. A tsoma shi a kwalbar, a riƙe da maƙalin shanya. Bayan sati guda za a ciro tsinke ya yi tsakuwa-tsakuwa, kowace ƙwaya a karkace irin wadda kuka gani a baƙin ƙyalle, sai dai ta ninka ta girma.

Iyaye mata, a nan muna roƙonku abu biyu. Ruwan sukari mai zafi ya fi tafasasshen ruwa mugun ƙuna, domin yana manne wa fata, saboda haka ku za ku ɗora ku sauke da hannunku. Na biyu kuma tururuwa. A zaunar da kwalbar a cikin kwano mai ruwa, ba za su iya ƙetarawa ba.

Mai tambaya zai ce, kanwa fa? Ana iya jiƙa ta a tace a shanya, amma mafi yawa farin ɓawo za a samu, domin kanwa gauraye ce ta gishiri iri-iri da ƙasa, kowanne na neman tasa siffar.

DAGA INA SIFFAR TAKE?

Ku dubi mai lemo in yana jera hajarsa a faranti. Bai auna komai ba, amma da yake lemon girmansu ɗaya, tarin yakan tashi da gefe madaidaici da tsini a sama. Ku dubi buhuna a sito, ko bulo a hannun magini. Siffar tari daga siffar abin da aka tara take, da yadda aka jera shi. Haka abin yake a nan. Gishiri ƙwayoyin zarra iri biyu ne, sodiyam da kulorin, suna jere ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, tazararsu daidai. A tsawon milimita ɗaya tak akwai kimanin miliyan uku da rabi a layi guda. Da yake jerin murabba'i ne tun daga ciki, abin da ido ke gani a waje ma murabba'i ne, kuma in an buga shi ta kan layin yake tsagewa. Gilashi kuwa ƙwayoyinsa a hargitse suka daskare, kamar kayan da aka watsa a mota ba shiri, shi ya sa ba shi da layin da zai bi in zai fashe.

Mutane sun daɗe kafin su gane haka. A 1669 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Nicolas Steno, ya lura cewa farin dutsen nan mai gefe shida da ake kira kwaz, babba ne ko ƙarami, daga ko'ina aka samo shi, kusurwar da ke tsakanin fuskokinsa ɗaya ce. A 1784 wani malamin coci Bafaranshe, René Haüy, ya bayyana cewa lallai kiristal ƙananan tubala ne iri ɗaya a jere. Amma ba wanda ya iya tabbatarwa, sai a 1912 da Bajamushe Max von Laue ya sa aka haska kiristal da hasken nan da asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, aka ga ɗige-ɗige a tsare sun fito a jikin fim. Shekara ɗaya bayan haka, a 1913, wani uba da ɗansa a Ingila, Wiliyam Bragg da Lawrence Bragg, suka yi amfani da wannan haske suka gano yadda ƙwayoyin zarra ke jere. Kun san ɗaya daga cikin abubuwan farko da suka warware? Gishirin miya. A 1915 aka ba su kyautar Nobel tare, ɗan yana da shekara 25. A yau masana sun kasa dukkan siffofin kiristal gida bakwai. Gishiri da alif gidansu ɗaya duk da bambancin kamarsu, sukari kuma nasa gidan daban.

'Yan matanmu, ku buɗe kunne ku ji wannan. An haifi wata Baturiya, Dorothy Hodgkin, a birnin Alƙahira a 1910, mahaifinta ma'aikacin ilimi ne a Misira da Sudan. Tana da kimanin shekara goma, a wani ƙaramin aji a Ingila, aka koya musu fitar da ƙwayar alif a kwalba, irin dai wannan da muka gama bayani. Daga nan sha'awar ta shige ta. Ita ce ta gano tsarin maganin fenisilin a 1945. A 1964 aka ba ta kyautar Nobel, labarin ma a Gana ya same ta, inda mijinta ke aiki a jami'a. A 1969 kuma, bayan shekara 35 tana bin abu ɗaya, ita da abokan aikinta suka warware tsarin insulin, wanda masu ciwon sukari ke allura da shi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

Kada kuma ku zaci wannan rataya iri a zare wasan yara ne kawai. Ƙwaƙwalwar da ke cikin wayar hannu, da yawancin farantan sola da ke kan rufinmu, daga kiristal ɗin silikon ake yanko su. Yadda ake samar da shi kuwa, ana narkar da silikon a zafin da ya wuce digiri 1,400, a tsoma ɗan iri, a riƙa jawo shi sama a hankali yana girma. Wani ɗan ƙasar Folan, Jan Czochralski, ya gano hanyar a 1916. Agogon batir da ke hannun da yawanmu, ɗan gutsuren kwaz ne a ciki yake kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, da shi yake riƙe lokaci. In kuma kuna son ganin iyakar abin da jinkiri ke haifarwa, a shekarar 2000 masu haƙar ma'adinai a Naica ta ƙasar Meziko sun faɗa wani kogo mai zurfin kimanin mita 300, suka tarar da kiristal waɗanda wasu tsawonsu ya kai mita 11, sun yi dubban ɗaruruwan shekaru suna girma cikin ruwan ɗumi ba abin da ya dame su.

RIBARMU MU MANYA

To, 'yan'uwa 'yan kasuwa, kada a ce duk maganar ta yara ce. Ga abu huɗu da suka shafi aljihunmu da lafiyarmu.

Na ɗaya, buhun gishiri ko sukari da ke dunƙulewa ya zama dutse a shago. Laima ce ta narkar da bayan kowace ƙwaya, da iska ta bushe sai suka sake fitowa a manne da juna. Maganinsa a ɗora buhu kan katako, a janye shi daga bango, a ɗaure baki da yamma.

Na biyu, zuma. Sau nawa mai saye ya dawo da kwalba yana faɗa, wai zuma ta yi tsakuwa a gindi, an haɗa ta da sukari? Zuma ta gaskiya ma tana yin haka, domin sukarin da ƙudan zuma ya tara a cikinta ya fi ƙarfin ɗan ruwan da ke ciki, in ta daɗe ko ta ji sanyi sai ya fito. A zaunar da kwalbar a ruwan ɗumi za ta koma yadda take. Tsakuwa ba shaidar algus ba ce, kuma ba ita ke wanke zuma daga zargi ba.

Na uku, alif a ruwan rijiya. Aikinsa shi ne ya tattara ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse. Ruwa zai yi garau a ido, amma alif ba ya kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot. Bayan an tsiyaye, a tafasa kafin a sha.

Na huɗu shi ne mai nauyi, kuma iyayenmu mata muna neman afuwa, ku saurara da kyau. Dutsen kwalli da ake sayarwa a kasuwanninmu, ku ɗauki ɗaya ku duba. In kun ji ya fi girmansa nauyi, yana ƙyalli kamar azurfa, in an fasa shi kuma yana tsagewa murabba'i-murabba'i kamar gishiri, to wannan dutsen dalma ne, irin wanda ake haƙowa a wajen Abakaliki. Kusan kashi 87 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana taruwa a jiki ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi da nauyin fahimta ba a san dalili ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba mu kuma manta da Zamfara ba a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Kun ga sanin siffa guda ɗaya tak yana iya tsare lafiyar yaro. A nisanta irin wannan dutse daga idon jarirai, kada kuma a daka shi a turmin abinci.

ROƘONMU

Abin da muke nema a wurin iyaye kaɗan ne: kwalba biyu, alif na 'yan kuɗi kaɗan, da lungu ɗaya a ɗaki wanda za a ce wa kowa kada ya taɓa har sati biyu. Mun san ɗakunanmu a Sabo a matse suke, amma kwalba ba ta fi tafin hannu cin wuri ba. A rubuta suna a jikin kowace kwalba, a ɗaga ta daga inda masu rarrafe ke kaiwa, domin ruwan alif da ruwan sha kamarsu ɗaya a ido. Ba a shan na alif, ba a lasa. Kada yaro ya ce zai gwada da sodar sabulu, ko ruwan batir, ko takin zamani, ko wani garin da bai san sunansa ba. Abu ukun nan sun isa.

Ku kuma ɗalibai, kowa ya ware shafi a littafinsa. Ya rubuta ranar da ya fara, yawan cokalin da ya zuba, da inda ya ajiye. Kullum da safe ya duba, ya auna da rula, ya zana abin da ya gani, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi masa sauƙi. Wanda nasa ya narke ya rubuta cewa ya narke, ya nemi dalili, ya sake. 'Yan gida ɗaya su raba aiki: wannan ya ajiye tasa a inuwa, wancan a rana, a ga ta wa za ta fi. In an dawo hutu, kowa ya zo da ƙwayarsa da littafinsa, malamai su jera su a tebur, mu ma mu zo mu gani da idonmu, tun da an ce gani ya kori ji. Mu masu shaguna a nan Sabo da Bodija, duk yaron da ya zo da littafinsa a hannu yana neman gutsuren alif, a ba shi, kada a karɓi ko kwabo.

 Allah Ya yi wa yaranmu albarka, Ya buɗa ƙwaƙwalwarsu, Ya sa wa kasuwanninmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.